Kangon da ke jikin gidanmu ya ishe mu, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Ilham, Unguwar Dosa
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki ya gaya min yadda ya yi. Akwai wani kango da muke haɗa katanga da shi a nan Kaduna, shekara tara kenan da na tare a gidan nan kuma haka na same shi, an kai linta an tsaya, ba kwano ba ƙofa. Da farko bai dame ni ba, har kuɓewa mai ɗakina ke shukawa a ciki da damina. To yanzu yaran nan masu shaye-shaye sun mai da shi majalisa, daga an idar da isha'i sai warin wiwi har ɗakin yara, da safe ka leƙa ka ga kwalaben sirof a zube, ga mutanen layin baya sun mai da gefe ɗaya bola. Makon jiya maciji muka kashe a bayan randa. An ce mai wurin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa wasu na Abuja wasu ba a san inda suke ba. Wai wajen wa ake kai ƙarar kango ne, hukumar tsara gari KASUPDA ko ta muhalli KEPA ko ƙaramar hukuma ko 'yan sanda?

Maman Twins, Tudun Wada
Wa alaikumus salam. Malam ni daga ɓangaren masu kangon zan yi magana, don namu gidan ya shekara goma sha ɗaya a haka, maƙwabta sun zage mu har sun gaji. Babanmu Allah ya jiƙansa ya bar mata uku da mu 'ya'ya goma sha bakwai, gidan kuma ɗaya ne mai daraja a cikin gadon. Wasu suka ce a sayar, ɗakinmu muka ce a'a nan aka haife mu, babban yayanmu kuma takardar na hannunsa ya tafi da ita Fatakwal, duk wanda ya ce zai gyara ɗaki ɗaya sai a ce so yake ya cinye gidan. Haka rufin ya rufta muna kallo, kowa na jiran kowa. Sai da wata ƙanwarmu ta kai maganar kotun shari'a, ranar har kuka aka yi wai ta tona mana asiri, amma wallahi ita ta taimake mu, aka turo masu ƙiyasi suka sa kuɗi, aka sayar, aka fitar wa iyayenmu mata tumuninsu aka raba sauran. Kuɗin da muka samu bai kai abin da aka taya tun gidan na tsaye ba. Ka nemi macen da ke cikin magadan nan, mu ne muka fi matsuwa a raba.

Ɗan Birkila
Oga ka bar ta maciji tukuna, ka duba katangarka. Bulon da ya shekara tara yana shan ruwa ba filasta ya gama aiki, ka sa ƙusa ka kankare gindinsa, in yana zubowa kamar gari to kar yara su ƙara wasa a wurin. A Rigasa na ga irinta ta faɗa kan garken akuya da ruwan Agusta, Allah ya kiyaye ba mutum. Kuma ka leƙa ko an haƙa ramin sokawe an bari a buɗe, shi ne mai kashe yara. Rodi kam na san 'yan jari-bola sun riga ka.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo
Bari in ɗan warware maka ofisoshin, don kowa da nasa aikin. KASUPDA tsarin gari da izinin gini ne nasu, ginin da ke barazanar faɗuwa ko wanda aka yi ba izini su ake gaya wa. Bola da ƙazanta na KEPA ne. Yaran kuma maganar 'yan sanda ce da 'yan sintirin unguwa. Fayil ɗin fili yana hukumar filaye ta KADGIS, wadda aka kafa a 2015 zamanin Malam Nasiru El-Rufai, can ake binciken sunan wanda ke kan fuloti.

A doka kuwa, tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kai da ka riƙe C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, aro aka ba ka, yawanci na shekara 99, da sharuɗɗa. Ciki har da biyan kuɗin ƙasa duk shekara da gina wurin cikin wa'adi, ni a takardata shekara biyu aka rubuta. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka in an saɓa sharaɗi ko in jama'a na buƙatar wurin. Wato a takarda mai kango ba shi da ƙafar tsayawa. Amma fa yawancin tsofaffin unguwanninmu ba C of O ɗin ma, takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, sai ka je nema a ce ba fayil. Shi ya sa mai unguwa ya fi kwamfuta sanin na wane ne.

Abu Sadik
Baba ka faɗi yadda yake a rubuce, ni kuma bari in faɗi yadda na gani. Ofis uku na taka a kan wani kango a layinmu, ba zan kira suna ba. Na farko suka ce in rubuto takarda, na rubuta, suka ce ba huruminsu ba ne. Na biyu suka ce in kawo sunan mai wurin da lambarsa, to da ina da lambarsa me zai kawo ni? Na uku ne suka zo, mutum biyu a mashin da gwangwanin jan fenti, suka yi rubutu a bango suka ɗau hoto suka tafi. Yau shekara biyu, ruwa ya wanke rubutun, kangon na nan daram, abin da na samu kawai yaran suka gane ni na kai ƙara, aka fasa min gilashin mota.

Maman Twins, Tudun Wada
Subhanallah. Shi ya sa kar mutum ɗaya ya sa sunansa, a rubuta da sunan layin gaba ɗaya kowa ya sa hannu.

Injiniya, Malali
Namu daban ne, gidan banki ne. Mai shi ɗan kwangila ne ya jinginar da gidan ya ci bashi, abubuwa suka tsaya masa, wani banki ya karɓe, aka zo da takardar kotu aka fitar da kaya aka garƙame get, gida ne har da bene da bishiyar mangwaro biyu. Suka ajiye mai gadi, bayan wata shida albashi ya daina zuwa, shi kuma bawan Allah sai ya fara ba 'yan ci-rani hayar ɗakuna, masu kabu-kabu da masu yankan farce, mutum ya kai talatin a gidan da ba ruwa ba wuta, ban-ɗaki ya cika ya fara malalowa kwata. Ban ga laifinsa sosai ba gaskiya, me zai ci? Wayoyin wuta, tagogi, har tayil an ɓamɓare. In ka je bankin su ce magana na kotu, iyalan mai gidan sun ɗaukaka ƙara, ba mai ikon taɓa ko ƙusa. An taɓa yin gwanjonsa ma, wanda ya saya ya zo da iyalinsa ganin gida ya tarar da sabuwar takardar kotu a manne, har yau bai shiga ba kuɗinsa kuma sun maƙale. Don haka duk wanda dillali ya kawo wa gidan gwanjo da araha ya fara zuwa da lauya ya duba ko akwai shari'a a kai, da kuma ko an samu amincewar gwamna a jinginar tun farko, don doka ta ce sai da ita. Mu dai karo-karo muka yi aka kira motar kwasar masai, gidan da ba namu ba.

Ɗan Kakuri
Ku da kango ɗaya ke damunku. Ku zo Kakuri ku ga masaƙu, KTL tun 2002 take a rufe, UNTL ma ta tsaya a 2007, babana a masaƙa ya yi aiki har ya tsufa, lokacin in an tashi aiki kekuna sai sun rufe titi. Da aiki ya mutu 'yan haya suka watse, gidaje da yawa suka koma kufai. Ga kuma gidajen da aka gudu aka bari a rikicin 2000 da na 2002, kowa ya koma ɓangaren da ya fi samun natsuwa, wasu sun yi musanye gida da gida, wasu sun sayar a wulaƙance, wasu har yau ƙonannen bango ne a tsaye mai shi ba ya son ko bi ta layin. Wannan wace hukuma za ka kai wa?

Kuma masu cewa a kira gwamnati a yi hattara, ita in ta tashi katafila take turowa. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977 shekaru nawa ya yi a yashe ana shari'a a kansa, a Janairun 2020 aka rushe shi. In naka ginin ma ba izini gare shi ba, ka san me kake jawowa layinku kafin ka kai takarda.

Baban Ilham, Unguwar Dosa
Hmm, wannan maganar ta taɓa ni, don shagon da na fitar a ƙofar gida ban nemi izinin kowa ba.

Malama Uwar Marayu, Badarawa
Ɗana kar ka tsorata, ga yadda muka yi namu ba tare da an je ko'ina ba. Dattawan layi suka samu mai unguwa, shi ya binciko wanda ya sayar da filin tun asali, ta nan aka samu lambar ɗan mai wurin yana Legas. Da aka kira shi sai ya hau faɗa, a zatonsa cinye masa za a yi. Aka tura masa hotuna ya ga yadda wurin ya koma, sai ya yi sanyi. Aka rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa, ya yarda a share, a toshe tagogi da bulo, a sa ƙofar ƙarfe, masu Keke Napep su riƙa kwana da kekunansu a ciki suna biya duk wata, a cire kuɗin mai gadi a tura masa ragowar. Shekara uku kenan lafiya lau, har fitila mai sola suka sa. Abu ɗaya dai, a rubuta a takarda cewa aro ne kuma duk ranar da ya so abinsa za a tashi, don na san inda aka sa wani malami da almajiransa a kango saboda Allah, da magada suka zo sayarwa ya ce shekara ashirin yana wurin ba inda za shi, sai da aka kai ga hakimi.

Ɗan Birkila
In za ku toshe tagogin ku bar ƙofa ɗaya ta gaba kawai wadda ake gani daga titi. Bulo inci shida ya isa.

Baban Ilham, Unguwar Dosa
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Jiya bayan magariba na samu liman, ashe shi ya yi wa mai wurin sallah, kuma ya san gidan da babbar 'yarsa ke aure a Kawo. Hajiya Maman Twins maganarki ta fito, da muka je da mai unguwa matar nan har hawaye ta yi, ta ce ta fi kowa son a raba, takardar na wajen ƙanin babansu ya hana. Ta yarda a share a sa ƙofa amma ta ce ita ba ta da ko sisi, kuma sai ta shawarci 'yan uwanta maza kafin ta sa hannu a komai. Asabar dai za mu fito da adduna da baro, na kuma kankare gindin katangar kamar yadda aka ce, tana zuba. Ɗan Birkila nawa ƙofar ƙarfe ta hannu take yanzu, kuma in mun sa da kuɗinmu za mu iya cire abinmu ranar da suka sayar?