Ina ne har yanzu ake samun ƙanƙarar yin siki a ƙarshen Afrilu?

Baƙon_Siwidin:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu yin sikin dogon zango (zamiya a kan ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa) ku taimaka min da shawara, wato wanda ake tafiya da sanduna biyu a cikin daji da fili, ba na gangarowa daga kan dutse ba. Bana hunturu ya ba mu kunya a nan kudancin Siwidin, dusar ƙanƙara ta sauko ta kwana uku sai ruwan sama ya biyo baya ya wanke ta tas, haka aka yi ta yi har Maris ya fita. Na tara kuɗi na sayi siki sabo dal amma sau huɗu kacal na ɗaura shi, kullum in na gan shi jingine a bayan ƙofa sai raina ya ɓaci wallahi. Ina da hutun sati ɗaya a ƙarshen Afrilu, akwai inda zan je in same ta ko dai in haƙura sai baɗi?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina, kar ka haƙura tukuna. Abu biyu ne ke riƙe ƙanƙara in lokaci ya ja, ko ka nausa arewa ko ka hau sama, don duk mita 100 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan rabin digiri ko ɗan fiye. Ni da ni ne kai Lapland ta Finlan zan nufa. Ylläs na da hanyoyin siki wajen kilomita 300, Saariselkä ma na da su da yawa, kuma bisa al'ada suna kaiwa ƙarshen Afrilu har farkon Mayu. Akwai jirgin ƙasa na dare daga Helsinki zuwa Kolari, ka kwanta ka farka a can, bas ta ƙarasa da kai Ylläs. Amma tunda shekarar ta zo da ƙaranci kar ka biya kuɗin masauki sai ka duba kyamarorinsu na kai tsaye da taswirar da ke nuna yaushe motar gyaran hanya ta bi ta ƙarshe, don wani lokaci za ka ga an rubuta a buɗe suke alhali ɗan zagaye ɗaya ne ya rage.

Maman_Biyu:
Abin da Yaya ya faɗa haka yake, sai dai ni a ganina lokacin fita ya fi wurin muhimmanci a wannan watan, mutane da yawa suna zuwa daidai wurin su fita da azahar su dawo suna cewa ba daɗi. Da rana ƙanƙara na narkewa ta jiƙe, in dare ya yi sanyi ya sauka ƙasa da sifili sai samanta ya daskare ya yi ɓawo mai tauri wanda zai ɗauki nauyin mutum, to wannan ɓawon shi ne abin nema. Ka fita da sassafe kamar ƙarfe 6 ko 7, ba ka ma buƙatar layin da mota ta tsaga, duk inda ka so bi za ka yi, siki na gudu kamar ana tura ka, wallahi ban san wani abu a wasan nan da ya kai shi daɗi ba. Zuwa ƙarfe 10 ko 11 sai ka ji ƙafa ta fara nutsewa, to ka juya tun kana kusa, na taɓa yin nisa sosai na dawo ina lumewa har gwiwa kusan awa biyu, ban ƙara ba. In daren bai daskare ba kuma ka yi barcinka, babu ɓawo ranar.

Sannan kakin da kake shafawa a ƙasan siki a Janairu ba zai kama ƙanƙara ba, kilista ake sawa, wani kaki ne mai danƙo sosai yana ɓata hannu da kaya, in sikinka mai fata ne a ƙasa, wato ɗan yanki mai gashi da ke kama ƙanƙara maimakon kaki, ka huta da wannan. Ka riƙe tabarau da man kare fata don hasken da ƙanƙara ke mayarwa na ƙona ido. Tafki kuwa ka bar shi kawai, musamman bakinsa da inda rafi ke shiga, nan ne ƙanƙara ke fara ruɓewa ta ƙasa kana ganinta fara tas ta sama.

Baƙon_Siwidin:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Nawa mai fata ne alhamdulillah. Lapland ɗin ce nake jin nisa da kuɗin mota, babu wani wuri kusa?

Ɗan_Tsauni:
Malam in za ka iya matsar da hutun zuwa ƙarshen Mayu ko Yuni ka je Sognefjellet a Norwe, hanyar da ta ratsa can ta kai tsayin mita 1434, rufe ta ake yi duk hunturu sai wajen farkon Mayu a buɗe, kuma nan manyan 'yan wasa ke zuwa atisaye lokacin da ƙasa duk ta yi kore. In ba zai matsu ba akwai ramin siki na Torsby a cikin Siwidin ɗinku, wato rufaffiyar hanya mai sanyi da ake ajiye ƙanƙara a ciki, sai dai ka fara duba ko a buɗe yake a lokacin, tun 2006 yake, tsawonsa kamar kilomita 1.3, gaskiya zagaye ne kake ta maimaitawa a cikin bango kuma ni ba na iya wuce awa ɗaya, amma ƙanƙara ce ta gaske kuma ƙafa za ta tuna aikinta. Ka kuma tambayi filayen da ke da injin yin ƙanƙara, tasu ta fi ta sama nauyi da tauri shi ya sa take daɗewa, a birnin Östersund na Siwidin ma tara ta suke yi su lulluɓe da garin katako ta kai kaka.

Baƙon_Siwidin:
Hutun ba zai matsu ba, an riga an sa hannu. Zan bi kyamarar Ylläs har tsakiyar wata, in ta riƙe zan yanki tikiti, in ta tafi sai Torsby. Hajiya digiri nawa ƙasa da sifili ya kamata in gani da dare kafin in sa ran ɓawon nan?