Lissafin Hansen ya nuna min etil asitet, amma mai kawai nake samu daga 'ya'yan bedi

Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu a nan Katsina, ina neman ciro sinadarin azadiraktin, mai maganin ƙwari, daga 'ya'yan bedi. Mako uku ke nan ina waje ɗaya.

Na yi amfani da ma'aunin narkewa na Hansen wajen zaɓar abin narkarwa: kowane sinadari yana da lambobi uku, kuma waɗanda lambobinsu suka fi kusa su suka fi narkar da juna. Lambobin azadiraktin da kaina na ƙiyasta su ta hanyar Hoftyzer da Van Krevelen, wato lissafi daga sassan ƙwayar sinadarin, sannan na auna tazararsu da ta etanol (15.8, 8.8, 19.4), asiton (15.5, 10.4, 7.0) da etil asitet (15.8, 5.3, 7.2). Etil asitet ne ya fi kusa, sai na ɗauke shi.

Na daka ƙwayar bedin gram 50, na sa a Soxhlet, na'urar da ke tatsa da abin narkarwa mai zafi, da etil asitet awa shida. Abin da ya fito mai ne mai kauri, ruwan ƙasa, warinsa kamar na tafarnuwa. A farantin TLC, wanda ke raba sinadarai ɗigo-ɗigo, ya ja dogon layi, ɗigon azadiraktin da nake nema da ƙyar ake hango shi. Na sake, wannan karon na fara wanke man da hekzen. Man ya ragu sosai, ɗigon bai ƙaru ba. Abin haushin, etanol ɗin da lissafi ya ce ya yi nisa, da na jiƙa garin a cikinsa kwana biyu ba wuta, shi ya ba ni ɗigo mai kyau.

Ina zargin zafin Soxhlet, tunda azadiraktin ba ya jure zafi, amma ƙiyasin nawa ma ban yarda da shi ba, ƙwayar sinadarin babba ce.

Don Allah, wane gwaji guda zan yi da zai bambance min ko lambobina ne ba daidai ba, ko zafi ne ke lalata sinadarin?