Shotlet da Hausa: na tsaya a kan "hayar kwana"

1/
Jama'a, akwai wata kalma da ke yawo a labarai ba ta samu mazauni a Hausa ba. Turawa suna cewa short-term rental. 'Yan Legas da Abuja sun gutsure ta, suna cewa shotlet. Wasu kuma sunan kamfani kawai suke kamawa su ce Airbnb, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakinmu. Abin da ake nufi shi ne gidan zama na mutane, ko ɗaki guda a cikinsa, da gado da kujeru da tukwane, a ba baƙo na kwana biyu ko mako guda, ya biya ta waya, ya kama gabansa, wani ya shigo. Duk lokacin da labarin ya taso, kowane mai fassara da tasa kalmar. Ina so mu tsayar da guda.

2/
Kafin mu zaɓa, mu duba abin da dokokin garuruwa suke aunawa, don a labarin doka ne kalmar za ta fi yin aiki.

New York tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Amurka. Dokarta mai lamba 18 ta fara aiki ranar 5 ga Satumba, 2023. Duk wanda zai ba da gidansa haya ta ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista da ofishin magajin gari. Rajistar ma da sharaɗi: dole mai gidan yana kwana a gidan tare da baƙinsa, baƙin kada su wuce biyu, kuma ba a garƙame ƙofofin ciki a raba gidan gida biyu. Wanda ya saɓa, tararsa tana iya kai wa dala 5,000. Amma inda dokar ta yi wayo shi ne ba ta tsaya bin gida-gida ba. Kamfanonin intanet irin su Airbnb, da ake kama gidajen ta wurinsu, ta kama, ta hana su karɓar kuɗi a madadin duk wanda ba shi da rajista. Da kuɗi suka daina wucewa, tallace-tallacen suka zube da kansu.

3/
Sauran garuruwan ƙidaya suke yi, ta kwanakin da za a iya ba da gida irin wannan haya a shekara. A Landan, tun 2015, kwana 90 ne a shekara, in za ka wuce haka sai da izinin hukumar tsara gari. Amsterdam ta yanke zuwa kwana 30 a 2019, baƙi kuma kada su haura huɗu. A Faris gidan da kake zaune a ciki kwana 120 ne a da, daga farkon 2025 aka mayar da shi 90. In gida na biyu ne, wanda ba ka zaune a ciki, sai ka nemi izinin sauya masa aiki tukuna. Dokar Japan ta fara aiki a Yunin 2018, kwana 180, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi damar ƙara matsewa. Kyoto ta matse ɗin kuwa: a unguwannin da aka keɓe don zama kaɗai, galibin gidajen daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris ne kawai za su sauki baƙi, lokacin sanyi da 'yan yawon buɗe ido suka fi ƙaranci. Basalona ita ba ta tsaya lissafi ba. A Yunin 2024 magajin garinta, Jaume Collboni, ya sanar cewa lasisin gidaje wajen 10,000 zai ƙare a Nuwamban 2028, kuma ba za a sabunta ba.

4/
Me ya yi zafi haka? Ƙorafin maƙwabta kashi biyu ne. Akwai na yau da gobe: ƙarar tayar akwati a kan bene ƙarfe uku na dare, shara a bakin ƙofa ranar da ba ta kwasa ba, fuskar da ba ka sani ba kowane mako tana da maƙullin ƙofar da 'ya'yanka ke shiga. Ga ƙananan akwatunan ƙarfe masu lambar sirri da ake maƙalawa a jikin shinge ko turken fitila, baƙo ya zo ya danna lamba ya ɗauki maƙulli, bai ga mai gida ba, mai gida bai gan shi ba. Faris ta haramta rataya su a kan titi a 2025. Shi kansa Airbnb ya hana shagali a gidajen a 2020, ya mayar da hanin na dindindin a 2022.

Na biyun ya fi nauyi. In kuɗin kwana goma na baƙo ya kai na wata guda na ɗan haya, mai gida ba ya buƙatar dogon lissafi. Zai ba ɗan hayarsa notis. Gida ɗaya ya fita daga kasuwar masu neman wurin zama, gobe na kusa da shi ya bi. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti su ne za su koma bayan gari, kuɗin haya kuma ya hau kan wanda ya rage.

5/
To kun ga abubuwa biyu da kowace doka ke tambaya: kwana nawa, kuma mai gidan yana ciki ko ba ya ciki. Kalmarmu ta iya ɗaukar waɗannan. Yanzu mu duba waɗanda ake amfani da su.

"Hayar gajeren zango." Ita na fi gani. Ba kuskure ba ce, amma fassarar kalma da kalma ce, kuma gajeren zango ba shi da ma'auni. Wata shida ma gajeren zango ne a wurin wanda ya saba biyan shekara biyu a Abuja. Ga shi kunnenmu ya saba jin ta a kan makamai masu linzami da tsare-tsaren gwamnati.

"Hayar gajeren lokaci." Wannan kam a bar ta. Duk wanda ya san abin da ake kira shot-tayim a wasu otal-otal ya san inda hankalin mai sauraro zai tafi.

"Hayar wucin gadi" tana nuna zaman jiran wani abu, kamar wanda ake yi wa gyaran gida ya kama wani kafin a gama.

"Masaukin baƙi" ita ce mai daɗin ji, kuma ita ce ta fi haɗari. Ta haɗa otal da gidan saukar baƙi na gwamnati da ɗakin zauren da kake sauke ɗan'uwanka kyauta. Duk rigimar kuwa a kan wannan iyakar take: gidan zama ne yake aikin otal ba tare da lasisin otal ko harajin otal ba. In ka kira su da suna ɗaya, labarin ya mutu tun a kanun.

6/
Shawarata: HAYAR KWANA.

Dalili na farko, tana da 'yan'uwa. Muna cewa hayar shekara, muna cewa hayar wata. Abin da ke bin "haya" shi ne ma'aunin da ake yanka kuɗi da shi. Nan kuwa da dare ake yanka kuɗi, sai ta zama hayar kwana. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Na biyu, Bahaushe dama da kwana yake ƙidaya. Ba ma cewa na yi rana uku a Jos, kwana uku muke cewa. Dokokin nan su ma dare suke ƙirgawa, a Landan da Amsterdam duka. Abin da Bature sai ya tsaya ya bambance, yini yake nufi ko dare, mu kalma ɗaya ta gama shi.

Na uku, tana lanƙwasuwa: gidan hayar kwana, gidajen hayar kwana, ɗan hayar kwana, dokar hayar kwana. Gwada haka da "gajeren zango" a kanun labari ka ji yadda numfashi ke ƙarewa.

7/
Madalla da masu tofa albarkacin bakinsu. Bari in amsa wasu.

Wani malaminmu ya ce "hayar kwanaki" ta fi, tunda ba kwana ɗaya ake yi ba. Allah ya gafarta Malam, ai mai hayar wata ma ba wata ɗaya yake yi ba, kuma ba mu ce hayar watanni ba. Sannan "kwanaki" tana da wata ma'anar. In na ce "gidan hayar kwanaki ya ƙone", wani zai ji kamar gidan hayar da muka yi maganarsa kwanakin baya nake nufi.

8/
Hajiya kuma ta ce kalmar tana mata ƙamshin "kwanan gida", kuma kowa ya san me wannan ke nufi a Kano. Ranki ya daɗe, wannan ita ce suka mafi ƙarfi da aka kawo, kuma ba zan ce babu ƙamshin ba. Amma duba: muna cewa ɗakin kwana, makarantar kwana, kayan kwana, motar kwana, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Laifin yana cikin haɗin "kwanan gida" ne kaɗai. Kalmar "haya" da ke gaba ta riga ta nuna ciniki ne na gida. In ma an yi zargi, to zargin yana kan abin ne tun kafin a sa masa suna, don maƙwabtan irin waɗannan gidaje a Abuja ko Kaduna abin da suka fi faɗa ke nan: ba mu san su wa ke shiga ba. Ko da wane suna aka kira shi za su faɗi haka.

9/
Ɗan'uwa daga Damagaram ya ce a wajensu kalmar Faransanci ake ji, wadda ke nufin gida mai kayan ɗaki. Gaskiya ne dokar Faransa ta wannan ƙofar ta shigo, sunan da ta ba su yana nufin gida mai kaya na 'yan yawon buɗe ido. Sai dai ana iya kama gida da kayansa na shekara cur, ba kuma shi ake rigima a kansa ba. Kayan ɗakin sifa ce, tsawon zaman shi ne maganar. Kuma ribar "hayar kwana" ke nan, ba ruwanta da Ingilishi ko Faransanci, mutumin Maraɗi da na Katsina za su ji ta daidai.

10/
Wanda ya fi burge ni shi ne wani dattijo da ya rubuto layi ɗaya: "Ku yaran yanzu, ina kuka bar fatoma?"

Baba, Allah ya ƙara girma, ka buɗe mana ƙofa. Ga waɗanda ba su sani ba, fatoma shi ne mai gidan da fatake ke sauka a wurinsa. Ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an yi ciniki bashi. A zangunan Kumasi da Salaga da unguwar Sabo ta Ibadan, inda cinikin goro da shanu ya kai Hausawa, "mai gida" ake ce masa, aikin dai ɗaya ne. Abin lura shi ne fatoma yana nan. Ya san baƙonsa, unguwa ta san ta wurin wa baƙon ya shigo, in wani abu ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Al'adar kai baƙo gaban mai unguwa ma a kan wannan aka gina ta.

To ai abin da New York ta nema ke nan, ta ce in za ka sauki baƙo sai kana cikin gidan. Shi ma kamfanin Airbnb haka ya faro: a 2007 wasu samari biyu a San Francisco, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka sauki mutum uku da suka zo wani taro otal-otal sun cika, suna ba su karin kumallo. Daga katifar iskar da karin kumallon sunan ya fito. Daga baya ne aka koma mutum ɗaya da gidaje ashirin, bai taɓa kwana a ko ɗaya ba.

Don haka ina ganin mu ɗauki fatoma, amma mu tsare mata iyaka. Wanda ke zaune a gidan yana saukar baƙi a ɗaki ɗaya ko biyu, shi ne fatoma. Wanda ya sayi gidaje ya bar akwatin maƙulli a bakin ƙofa, wannan mai gidajen hayar kwana ne, ɗan kasuwa. In muka ba shi sunan fatoma mun ba shi mutuncin da bai yi aikinsa ba.

11/
Sauran kalmomin da ke tafiya tare, a taƙaice. Adadin kwanakin da doka ta yarda a shekara: iyakar kwana. Unguwar da aka keɓe wa gidaje, ba shaguna ba masana'antu: unguwar zama. In gidan gaba ɗaya ake bayarwa: hayar kwana ta gida sukutum. In ɗaki ne kuma mai gida na nan: hayar kwana ta gidan fatoma. Rajista da lasisi sun riga sun zama namu, ba sai an taɓa su ba.

Mu gwada su a jumla:

"Basalona za ta rufe gidajen hayar kwana wajen 10,000 nan da ƙarshen 2028."

"Faris ta rage iyakar kwana daga 120 zuwa 90."

"A New York fatoma ne kaɗai ke da izinin hayar kwana, shi ma baƙi biyu."

"Kyoto ta taƙaita hayar kwana a unguwannin zama zuwa wata biyu na sanyi."

12/
Ƙanena da ya ce duk wannan wahalar banza ce tunda dillalai shotlet za su ci gaba da cewa: ƙila haka ne a tallan Instagram, kuma ba zan yi faɗa da su ba, kalmar aro ba haramun ba ce. Amma wanda ke jin labarin a rediyo a Gumel ko Tasawa bai taɓa ganin tallan ba. Ka ce masa shotlet sai ka ƙara jumla biyu na bayani. 'Yan jarida da masu fassara da ke nan, ku gwada "hayar kwana" a labari na gaba, ku dawo ku gaya mana ko masu sauraro sun tambayi ma'anarta.