Wuta ta ɗauke gaba ɗaya a tsohon babur: me kuka tarar a naku?

Mai tsohon Honda CG125: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare ina tafe, na karya kwana kenan sai fitila ta mutu. Da na tsaya na kashe babur ɗin, na sake murɗa makulli, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke: babu koriyar fitilar nan ta firi, babu ham, babu sigina, sitata ko ƙwas bai yi ba. Batir ɗin bai kai shekara ba. Kafin in fara kashe kuɗi a kan kaya, ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa samu. Babur ɗin nan shi ne ƙafata, ba na son a yi masa gyaran lalube.

Mai Yamaha: Wa alaikumus salam. Ni nawa fiyus ne. Irin na gilashin nan da ke cikin wata 'yar roba kusa da batir. Na ɗaga shi a haske, zaren ciki lafiya ƙalau, na mayar. Kwana biyu ina wahala kafin a sa masa mita a ga ashe ya rabu a can ƙarƙashin hular ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa. Kada ka yarda da ido a kan fiyus, ɗan'uwa, auna shi.

Tsohon mai gyaran wuta: Yaro, ka fara da wannan tunanin. In ƙwan fitila ɗaya ya mutu, laifinsa ne shi kaɗai. Amma in komai ya mutu lokaci guda, to matsalar tana kan hanyar da dukansu suke bi, kuma hanyar gajeriya ce: batir, babban fiyus, makunnin da makulli ke shiga, sai wayar nagatif da ke ɗaure a jikin firam. Wuri huɗu kenan. Na sha ganin an canza kwayil da fulogi da CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi) saboda irin wannan, alhali ko ɗaya daga cikinsu ba shi da iko ya kashe ham.

Ka ɗora mita a kan batir. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna kusan 12.6. Kada ka tsaya nan, ka murɗa makulli ka danna ham kana kallon mitar. In lambar ta faɗi warwas, batir ne ya mutu a ciki, ko da sabo ne. In ta tsaya daram a inda take, batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta samun hanyar fita. Daga nan sai ka bar baƙar wayar mita a kan nagatif, ka riƙa taɓa waɗannan wurare da jar wayar mitar: gaban fiyus, bayan fiyus, shigar makunni, fitar makunni. Inda lambar ta ɓace, nan ɓarawonka yake. A Honda, ja ce ke kai wuta makunni, baƙa ke fito da ita, koriya ce ta firam. A Yamaha kuwa baƙa ce ta firam, ruwan ƙasa ke fito da wuta, don haka kada wani ya ɗauki launin wannan ya kai wancan.

Mai babur na gado: Baba ya faɗi gaskiya. Nawa na mahaifina ne, irin na da mai bolt 6, kuma wayar firam ɗin ce ta ci amanata. Noti a ɗaure tam, amma da na kwance sai ga tsatsa ja-wur a ƙarƙashin kan wayar, da wani farin gari kamar toka a kan batir. Na goge da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, na ɗaure, na shafa giris kaɗan. Da na murɗa makulli fitilar nan ta kama, sai da na ji ƙwalla a idona, don har na fara tunanin jingine shi.

Mai tafiyar dare: Ni kam gargaɗi na kawo. Fiyus ɗina ya yanke a hanya, na naɗe shi da zaren waya don in isa gida. Ban yi nisa ba na ji ƙaurin roba, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin tanki. Akwai wayar da ta goge a jikin firam tana haɗa wuta, fiyus ɗin kuma aikinsa ya yi da ya yanke. Wayoyi da yawa suka narke suka manne da juna, sai da aka sake su duka. Mai amfiya 10 a mayar masa da mai 10, ba fiye ba.

Tsohon mai gyaran wuta: Allah ya kiyaye gaba. In sabon fiyus yana yankewa da an sa shi, a cire shi a jona ƙwan fitila a gurbinsa. Muddin akwai wayar da ke taɓa firam, ƙwan zai kama da haske sosai. Sai a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare ƙwan ya dushe ko ya mutu, layinsa ne. Af, na koma kan maganarka yaro, ka ce kana karya kwana abin ya faru? Kunna makulli ka juya kan babur hagu da dama a hankali, kana danne da ham. Wayoyin da ke wuyan babur suna lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai, shekara da shekaru, har tagullar ta karye a ciki roba kuwa ba ta nuna komai.

Mai tsohon CG125: Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Batir ya nuna 12.5, fiyus lafiya. Da na karya kan zuwa dama sai ham ya yi ƙara ya yi shiru. Na buɗe bayan fitila na bi jar wayar da yatsa, daidai wuya na ji wani wuri ya yi laushi, da na ɗan ja sai robar ta miƙe kamar cingam. Na yanke wurin, na ƙara gutsuren waya mai kauri ɗaya, na yi mata dalma, na bar mata sarari yadda kan zai juya ba tare da ya ja ta ba. Yanzu da injin yana aiki mita na nuna 14 a kan batir. Akwai wata baƙar waya kusa da ita da na ga ta fara tsagewa, gobe da safe zan sake ta ita ma.