Neman shawara: wane babban kifi zan iya haɗawa da ƙananan kifayena?

Mai tambaya, daga Sabon Gari, Damagaram:
Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu kiwon kifin ado. Ina da akwatin gilashi mai tsawon santimita 100, faɗinsa 40, tsayinsa 50, wato yana cin ruwa kimanin lita 200, kuma wata 8 ke nan ina kiwon ƙananan kifayen ado iri biyu, gupi 12 da niyon tetra 10, a cikinsa, waɗanda wani ɗan'uwa ya kawo mini daga Kano. Lafiyarsu ƙalau, sai dai ƙanana ne ƙwarai, baƙo yakan matso dab da gilashin kafin ya gan su, shi ya sa nake son ƙara kifi ɗaya ko biyu masu ɗan girma. Mai sayarwa ya turo mini hoton kifayen ado da ake kira oska da anjel, maƙwabcina kuma ya ce asarar kuɗi ce, tunda ana samun ƴaƴan tarwaɗa da na karfasa daga tafkin Gidimuni. Yarana sun shaƙu da gupin nan, ba na son in kawo abin da zai cinye su. Ku taimaka mini da shawara, Allah Ya saka da alheri.

Wani dattijo daga Birni:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka saya. Ma'aunin da nake aiki da shi tun da na fara wannan kiwo shi ne faɗin bakin kifi a lokacin da ya gama girma, domin duk abin da ya iya shiga bakinsa abinci ne a wurinsa, ko da sun yi shekara suna zaune lafiya. Oskan da ka gani a hoto bai wuce tsawon yatsa ba, amma yana kaiwa santimita 30 ko fiye, kuma niyon ɗinka da bai wuce santimita 4 ba loma ɗaya ne a gare shi. Shi kaɗai ma akwatinka zai yi masa kaɗan.

Shawarar maƙwabcinka kuwa, da alheri ya nufe ka, amma kada ka bi ta. Tarwaɗa da dare take farauta, kuma tana girma da saurin da masu kiwonta a kududdufi suke kai ta kasuwa cikin kimanin wata 6. Na taɓa saka ƙarama ɗaya a akwatina, kafin mako biyu gupi 9 sun ɓace, ban ga ko gawar ɗaya ba. Karfasa ba mafarauciya ba ce kamar tarwaɗa, amma tana tone yashi, tana tumɓuke shuke-shuke, idan lokacin ƙwai ya zo kuma namijin yakan kama wuri ya hana kowa sakat. Ga shi kifin tafki yakan zo da ƙwayoyin cutar da kifin ado bai saba da su ba.

Wani ɗan'uwa daga Zango:
Na yarda da Baba a kan oska da tarwaɗa, amma ina ganin anjel bai kamata a yanke masa hukunci ba. Ina da guda biyu tare da tetra sama da shekara, tun suna ƙanana na haɗa su, kuma ban rasa ko ɗaya ba. Tsayin akwatin Malam, santimita 50, ya wadatar da su, tunda anjel a tsaye yake girma.

Wata ƴar'uwa, malamar kimiyya:
Yaya, abin da ka faɗa yana faruwa, amma sa'a ce ba za a gina shawara a kanta ba. Anjel ɗan dangin karfasa ne, asalinsa kogunan Amazon a Kudancin Amurka, inda yake cin ƙwari da ƙananan kifaye. Jikinsa yana kai santimita 15 a tsawo, kuma da zarar ya balaga niyon ya zama daidai bakinsa, doguwar wutsiyar gupi namiji kuma tana jan hankalinsa. Mutumin da ya ce ba ya son yaransa su rasa ko ɗaya ba zan tura shi can ba.

Malam mai tambaya, abin da zan zaɓa maka shi ne gurami mai ɗigon lu'ulu'u, wanda ya fito daga ƙasashen Tailan da Maleshiya da Indunusiya. Yana kai santimita 12, jikinsa mai faɗi ne, ana hango shi daga bakin ƙofa, amma bakinsa ƙarami ne kuma ba shi da faɗa. Ka ɗauki namiji ɗaya da mata biyu, kada maza biyu, domin za su yi ta korar juna. Ana gane namijin da jan ƙirji da doguwar ƙayar baya. Abin da ya fi sa ni sonsa a garinmu shi ne yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, saboda haka idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu, injin iska ya tsaya, ruwa ya yi zafi iskar cikinsa ta ragu, ya fi sauran juriya. Abu ɗaya ne zan gaya maka tun yanzu: zai riƙa cin jariran gupi, sai dai idan ka yawaita shuke-shuke masu yawo a saman ruwa inda za su ɓuya, kuma shi ma guramin ya fi natsuwa a ƙarƙashinsu.

Idan kana son na ƙasa mai goge gansakukar gilashi, ka nemi ansistirus, mai gashin baki, wanda ba ya wuce santimita 15. Ka tabbata ba babban pileko, wani kifin mai goge gilashi, aka ba ka ba, domin suna kama da juna suna ƙanana, shi kuwa yana kai santimita 40.

Dattijon daga Birni ya ƙara da cewa:
Ƴata ta faɗi daidai. Sai dai ka lura da niyon ɗinka a bazara, domin ya fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba, mu kuwa zafinmu yana haura 40, kuma ƙarin manyan kifaye ƙarin buƙatar iska ne da ƙarin ƙazanta. Ka nisanta akwatin daga taga, ka sa fanka ta riƙa busa saman ruwan, ka canja kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako da ruwan famfon da ya kwana a buɗe don kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Tunda ruwa yakan yi mana wuya a Damagaram, ka keɓe jarka biyu domin wannan aiki kaɗai. A hunturu kuma dole ka sa abin ɗumama ruwa, ka rufe saman akwatin, saboda gurami ba ya son shaƙar iska mai sanyi.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode Malama, da kai ɗan'uwa na Zango. Na tsaya a kan gurami uku, zan bar maganar ansistirus sai bayan zafi ya wuce. Saura tambaya ɗaya: ranar da suka iso daga Kano, in zuba su kai tsaye?

Malamar kimiyya:
A'a, Malam. Ka ajiye su a wani mazubi daban mai injin iska na tsawon mako 2 zuwa 3, kana duba ko fararen ɗigo kamar gishiri, alamar cuta, za su bayyana a jikinsu. Idan ka ga lafiyarsu, ka sa su a leda da ruwansu, ka bar ledar tana yawo a saman akwatin minti 20 don zafin ya daidaita, sannan ka kwashe su da raga ka sake su da yamma, bayan ka ciyar da ƙananan ka kashe fitila.