Shawara nake nema kan motar ɗaukar kaya: DAF ta hannu ko tsohuwar roka?

Ɗan Giwa:
Assalamu alaikum. Hatsi nake saye a Giwa da Soba da Saminaka, masara da waken suya, in kai Dawanau. Kuɗin mota ke cinye mini riba, musamman da kaka, lokacin da kowa ke neman mota, direba ya yanka abin da ya ga dama. Ni da yayana mun haɗa miliyan 14, muna so mu sayi tamu. An nuna mini DAF mai taya goma a Mararrabar Jos, fenti sabo fil, dillalin ya ce birki kawai za a taɓa. Ita za ta lashe kuɗin kaf. Akwai kuma roka, Marsandi 911 mai bodin katako, a wani gareji a Ɗan Magaji, wadda za ta bar mana canji mai kauri. Raina na kan DAF ɗin. Masu sani, don Allah me zan duba?

Bakaniken Kwangila:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, sabon fentin nan shi ya fara ba ni tsoro. Ka ce musu da asuba za ka zo, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannunka a kan injin, in ka ji ɗumi ka koma gida ka sake rana. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Idan ta tashi, buɗe murfin man inji. Hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, to ring, wato zoben fistan, ya gaji, sauke inji na jiranka. Zaro sandar awon mai: in man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. Leƙa lagireto ma, kada ka ga kumfa ko maiƙo.

Daga nan shiga ƙarƙashi da tocila da tsumma. Bi shasi tun daga kai har gindi, ka fi tsayawa wajen maƙalin sifirin, nan yake tsagewa saboda lodin wuce kima. Walda da aka shafe da baƙin fenti za ka ji tudunta da yatsa. Inji ana gyarawa, giya ana canzawa, amma motar da shasinta ya karye ta gama yawo, kullum za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya. Sai ku cika mata iskar birki, a kashe, ka tsaya ka saurara ko tana tsiyaya. Kuma ka je da bakaniken da kai ka biya, ba na dillali ba.

Alhaji Mai Tirela:
Duk abin da malam ya faɗa haka ne. Ni takardu zan ƙara. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta dace da ta takardar kwastan da ta mallaka, harafi da harafi. A kawo mai motar da kansa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kafin ko sisi ya fita, har kafin alƙalami. Wasu motocin da bashi a kansu. Tambayi 'yan ƙungiya a tashar da take lodi, sun san tarihin kowace mota.

Sannan yaro, kada ka sayi motar da za ta bar ka ba ko kwabo. Taya goma ce fa. Batir biyu, juye, sabunta takardu, man tafiyar farko. Tun da gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 na ga motoci da yawa a kan dutse, ba don sun mutu ba, masu su ne suka kasa ciyar da su. Ni roka zan ce. Ba kwamfuta a cikinta, bakaniken ƙauye ma zai kwance ta, kayanta kuma akwai a kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Direban Funtuwa:
Alhaji, a gafarce ni, ban yarda da roka ba. Hanyar ƙauye da damina, ƙwarai, ba ta da na biyu. Amma a kan kwalta tafiyarta ta kunkuru ce, lodinta bai kai na DAF ba, yaran yanzu kuma ba sa son tuƙa ta. Zai sha wahalar samun direban kirki. In DAF ɗin ta ci jarrabawar malam, ya taya ta ƙasa sosai. Kuma a gwada ta da kaya, a hau tudu da ita, a ji ko giya na fita da kanta. Wayam kowace mota lafiyayya ce.

Ɗan Giwa:
Allah Ya saka da alheri. Na kira dillalin kan zuwa da asuba, sai ya ce mai makullin ba ya fitowa sai hantsi, kuma gwaji da kaya sai an ba da rabin kuɗi. Yaya ya ce mu fara ganin rokar ranar Asabar. Malam na Kwangila, in kana da sarari, nawa ne kuɗin dubawa? Mu za mu zo mu ɗauke ka.