PS2 ɗina ya daina karanta faifai, ina neman shawara

Tsohon Mai Gidan Gem: Assalamu alaikum 'yan uwa. PS2 ɗin da na fara buɗe shago da shi ya daina karanta faifai. In na sa sai ya yi ta ƙas-ƙas, can sai jan allon nan ya fito. Faifai sun fi talatin a kwali, ga memori kad mai Master League, wato kulob ɗina na cikin gem ɗin ƙwallo na PES, da na shekara biyu ina ginawa. So nake yarana su ga abin da muka taso da shi.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Yaya. Idon da ke karanta faifan ne ya gaji. Amma kafin gyara, fara ceto faifan, don su ma ruɓewa suke. Ɗaga ɗaya a hasken rana, in ka ga ƙananan huji haske na ratsawa, ya fara tafiya. Yawancinsu DVD ne, kwamfuta za ta karanta. Sa manhajar ImgBurn ka mayar da kowanne ISO, wato kwafin faifan a fayil ɗaya, ka ajiye wuri biyu. Sai ka ɗora PCSX2, manhajar da ke kunna gem ɗin PS2 a kwamfuta, kyauta ne. Yana bukatar BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin PS2, kuma tunda injinka na kunnuwa, daga cikinsa za ka ciro naka.

Ɗan Tudun Wada: Kada ma ya yar da injin. Memori kad mai manhajar Free McBoot ba ruwansa da ido, da shi za ka buɗe OPL, manhajar da ke kunna gem ba tare da faifai ba, ka yi wasa daga filashi, kuma ka kwafe Master League ɗin nan. Sai dai USB na PS2 tsohon yayi ne, bidiyon cikin gem zai riƙa sarƙewa.

'Yar Maraɗi: Mu masu waya kaɗai fa?

Mai Gyaran Waya: PPSSPP, ƙanwata. Na PSP ne, ba ya neman BIOS, kuma ƙaramar waya ma tana jansa. DuckStation na PS1. Na PS2 kam AetherSX2 ne, amma mai shi ya daina aikin a 2023, jabu sun yi yawa, a kula. Ki nemi pad mai bulutut, danna gilashi ba ya daɗi.

Ƙaramin Zaure: Oga don Allah a turo min inda zan sauke sabbin gem na Switch.

Shugaban Zaure: Wannan kam ba a nan ba, ƙanena. Gem ɗin da ke kasuwa yau, masu shi na jiran cinikinsa su biya ma'aikata, ɗaukarsa kyauta cin haƙƙi ne. Abin da ya kashe Yuzu, manhajar kwaikwayon injin Switch, ke nan. Nintendo ta kai masu ita kotu, a watan Maris 2024 suka yarda su biya dala miliyan 2.4 suka rufe, Citra na 3DS ma ya bi su.

Ƙaramin Zaure: To ai duk sata ce ke nan, har na Yaya.

Malamin Kwamfuta: A'a, a rarrabe. Ita manhajar kwaikwayon inji daban, gem ɗin da za ka sa mata daban. Tun 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, lokacin da ya yi manhajar da ke kunna gem ɗin PlayStation a kwamfuta. Abin da ke ci mini rai shi ne tsofaffin. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. A shekarar ce kuma Nintendo ta rufe shagon intanet na 3DS da Wii U. Na ƙwallo sun fi shiga uku, domin lasisin sunayen 'yan wasa da kulob ƙarewa yake. Ko da kuɗinka a hannu, Konami ba za ta sayar maka da PES 6 ba. In masu kwafewa ba su adana ba, wa zai adana?

Tsohon Mai Gidan Gem: Gaskiya ɗaya ce Malam, faifan nan nawa mafi yawansu kwafi ne na kasuwa. Orijina huɗu kacal nake da su. A lokacin ko ganin orijina ba ma yi a shagunan unguwa.

Shugaban Zaure: Haka kowa ya taso, Yaya. Ni dai abin da nake yi, na fara dubawa ko ana sayarwa. In akwai shi a shagunan gem na intanet, GOG ko Steam, na saya, musamman GOG, don in ka sauke naka ne, ba sai da intanet zai buɗe ba. In babu ko'ina, zuciyata ba ta damuna in na adana.

Malamin Kwamfuta: Ina da na'urar DVD ta waje, Yaya. Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo maka. Ka goge faifan da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi da'ira. Da orijina huɗun nan za mu fara.